Kada Ki Ce Mini Lafiya Lau

Manfuha, Riyad
Safiyar Lahadi

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin inda nake zaune da inda kike kwance. Allah Ya tashe ki lafiya, Ya tsare ki a gida da waje, Ya sa albarka a karatun da kika sa gaba.

Na san za ki yi dariya in Ummanki ta miƙo miki takardar nan, ki ce yau kuma Baba wasiƙa yake rubutawa kamar babu waya a duniya. Yi dariyarki. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa tun da aka haife ki bakina bai taɓa kiran sunanki ba, idona kuma ba ya iya daɗewa a cikin naki. Haka aka rene mu. Abin da nake so in faɗa ya fi ƙarfin bakina, sai dai alƙalami. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, ga Sifaniyanci ma ya shigo yana neman wurin zama, amma abin da ke cikin zuciyata da Hausa yake fitowa. In wata kalma ta gagare ki, Ummanki na kicin.

Saura kwana uku ki koma Granada. Wata shida kika yi a can kina koyon harshensu kafin a buɗe muku karatun harhaɗa magunguna, kuma a wata shidan nan babu Juma'ar da ban kira ki ba. Ya karatu? Lafiya lau, Baba. Ya sanyin? Da sauƙi. Kina cin abinci? Sosai ma. Sai ki turo hotuna, ga ki a gaban jan ginin sarakunan da, ga ki a ƙarƙashin bishiyar lemo, kin gyara gyale kina murmushi. Ni kuwa na yi ta yawo da waya a wurin aiki ina nuna wa mutane, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ranar da muka je tarbo ki a filin jirgi, tun daga nesa na ga jikinki ba daidai yake ba. Shekara ashirin da huɗu ina aikin gwajin jini, ba sai an kawo mini kwalba nake gane mai ƙarancinsa ba. Kin tuna a mota na ce ki ja fatar idonki ƙasa in gani? Fari fat. Washegari na kai ki wurin aikinmu na ɗebi jinin da hannuna, abin da na gani ya sa na sake aunawa don in tabbatar. Da na tambaye ki, kika ce wai gajiyar tafiya ce. Mamana, ni za ki gaya wa gajiyar tafiya?

Ummanki ta ba ni sauran labarin. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce a makon farko kin ga ƙafafun alade a rataye a shaguna kamar yadda ake rataye ayaba, zuciyarki ta tashi. Tsohuwar da aka sauke ki a gidanta, Karmen, ta zubo miki miya da gutsattsarin nama, ba ki san na mene ne ba, kunya ta hana ki tambaya, kika ce kin ƙoshi. Daga ranar kika koma ɗaki, burodi da shayi da kifin gwangwani, wata da watanni. Har kin taɓa yanke jiki kika faɗi a matakalar makaranta, aka yayyafa miki ruwa, kuma a ranar da yamma kika turo mana hoton fure.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Amma da na zauna na duba, na ga fushin ba naki ba ne. Halina kika ɗauko, ba ki bar ko kaɗan ba. Abin da nake tsoro ke nan in kin koma: ki ci gaba da ba mu lafiya lau, mu ma mu riƙa mayar miki da irinta, har ranar da wani abu zai faru babu wanda ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki. Na taɓa bin hanyar nan har ƙarshenta, bari in gaya miki abin da na tarar.

Na sauka garin nan ina da shekara ashirin da shida, takardar shaidar da na samo a Kano tana cikin leda, ina ji da kaina ƙwarai. Ƙaramin asibitin da ya ɗauko ni a unguwar Shumaisi ya ce sai an tantance takardun tukuna, kafin nan in riƙa wanke kwalabe ina goge ƙasa. Wata goma sha huɗu ina wannan. Mu takwas ne a ɗaki ɗaya a nan Manfuha, layi uku daga gidan nan, katifu a ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki tana ruri tana ɗigo mana ruwa a ƙafa. Da safe burodin tamis da wake, da yamma wake da burodin tamis.

Lokacin babu waya a gidanmu na Haɗeja. In an sami mai tafiya gida, kaset ake ɗauka a aika, tare da hoto. To, ranar da na sami mai tafiya, sai na ɗauko farar rigar wani likita daga cikin waɗanda aka ba ni in kai wanki, na ari abin awon ƙirji na rataya a wuya, na tafi wurin mai hoto a kasuwar Batha. Da na dawo na kori mutanen ɗaki waje, na kashe na'urar don kada rurinta ya shiga kaset, ga shi tsakiyar zafi. Gumi na zuba, ni kuwa ina cewa, “Inna, ina cikin ni'ima. Ɗakina ni kaɗai, sanyi kamar bakin kogi. Marasa lafiya layi suke yi a ƙofata.” Ɗanlami direba, ɗaya daga cikin abokan ɗakin, yana jingine a bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki. Da na kashe rikoda ya leƙo ya ce, “Likita, in an sallami marasa lafiyar, yau kai ne da wanke-wanke.”

Inna ta rataye hoton a ɗakinta. Unguwa ta koma kiranta uwar likita. Ni ma duk mai tafiya sai na ƙara wani kaset, kowanne ya fi na baya daɗi. A raina wai tausayinta nake ji, kada ta kwana da tunanina.

A shekara ta uku aka sa waya a wani shago kusa da gidanmu. Farkon kowane wata Yaya Garba, babban wanmu, zai je ya zauna ya jira kirana. In na ce ina Inna, ya ce ta shiga maƙwabta. Wata na gaba ya ce ta ɗan kwanta. Na gaba ya ce jikin ne ya ɗan motsa, amma da sauƙi sosai. Ni kuwa in ce to madalla, a gaishe ta, a ce mata aiki na ta ci gaba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tsaye a Batha inda mutanenmu ke taruwa a gaisa, sai ga Malam Ilu, wani ɗan unguwarmu da ya iso a makon. Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya sunkuyar da kai.

“Sa'idu, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Da ni aka kai ta.”

Na ce, “Wace Inna?”

Ya ɗago ya dube ni, na ga fuskarsa ta canza. Ya saki hannuna ya ce, “Innalillahi. Ba a gaya maka ba?”

Ranar kwananta goma sha bakwai a ƙasa. Kwana goma sha bakwai ina ci ina sha ina raha da mutane. Ban san yadda na kai kaina ɗakin buga waya ba. Da aka samo Yaya Garba na yi masa ihun da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Ita ta hana. Wata huɗu tana kwance. Ta ce likita na da rayukan mutane a hannunsa, kada a ɗaga masa hankali ya yi kuskure a kan ɗan wani.” Da ya kwatanta mini ciwon, yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, na gane ciwon suga ne. Abin da lokacin nake gano wa baƙi kullum da ɗigon jini ɗaya. Da sun faɗa mini tun farko, ko daga nan zan iya cewa a kai ta wuri kaza a auna kaza.

Bayan shekara na je gida. Yaya Asabe, wadda ta yi jinyarta, ta zaunar da ni ta ce akwai abin da ya kamata in sani. Ta ce ranar da hoton farko ya iso, Inna ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, “Rigar nan ba tasa ba ce, hannun ya yi masa tsawo. Kuma dubi wuyansa yadda ya rame. Amma tunda haka yake so mu sani, haka muka sani.” Ashe tun ranar ta gane. Ta san ina cikin wahala, ta san fasfona na hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ba ni da ikon tasowa, sai ta ɗauki ƙaryata ta rufe ni da ita. Na rufa mata, ta rufa mini, muka rabu ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa gaskiya. Har yau abin yana mini ciwo, kuma ban taɓa ba kowa labarin nan ba sai Ummanki.

Don haka ga roƙona na farko. Ban ce ki daina gaisuwa irin tamu ba. In na ce ina kwana, ki ce lafiya lau, wannan ladabi ne. Amma in an gama gaisuwa zan ce miki, “To, ban da lafiya lau fa?” A nan nake son gaskiya. In kin faɗi jarrabawa, ki ce kin faɗi. In wani ya yi miki kallon banza a mota saboda gyalenki ko fatarki, ki faɗa. In kewa ce kawai ta dame ki ba dalili, ita ma labari ce. Ba lallai in iya yin komai daga nan ba, amma ki bar ni in damu. Haƙƙina ne, kada ki ƙwace mini.

Na biyu, maganar tambaya. Da takarduna suka fito aka shigar da ni ɗakin gwaji, sai na tarar da wata na'urar ƙirga ƙwayoyin jini da ban taɓa gani ba. Mu a Kano da ido muke ƙirgawa ta madubi. Mudir, wato shugaban sashen, ya nuna ta ya ce na san ta? Ni da na yi wata goma sha huɗu da tsumma a hannu, in buɗe baki in ce ban sani ba? Na ce na sani sarai. Kafin azahar na lalata jinin duk waɗanda suka zo da safe. Dole aka kira su ɗaya bayan ɗaya a sake huda su. A cikinsu akwai wani tsoho da ɗansa ya kawo daga wani ƙauye mai nisa, bai karya ba tun asuba saboda gwajin. Da na zo sake ɗaure masa hannu, dubana kawai ya yi. Na gwammace da zagina ya yi.

Akwai wani abokin aiki mutumin Indiya, Mista Toma, Kirista ne. Tun da na zo nake kakkauce masa, ko shayinsa ba na karɓa, ban kuma san dalili ba, haka kawai na ɗauka ba a sakin jiki da su. Shi ne ya same ni a bayan gini na haɗa kai da gwiwa. Ya ce da irin Larabcin nan namu na 'yan aiki, “Sadik, inta ma fi ma'alum, kalam ma fi ma'alum. Ma fi mushkila.” Wato aboki, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba wani abu ba ne. Mako biyu yana tsayawa bayan an tashi yana koya mini na'urar, maɓalli bayan maɓalli. Ranar da aka haife ki ma shi ya riƙe mini aikina na tafi asibiti. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban ce masa ba, kuma in lokacin salla ya yi shi yake tuna mini.

Ki dubi abin ta wajen Karmen. A ce baƙuwa ta sauka a gidan nan, Ummanki ta yi wata shida tana girki ana dawo mata da kwano ba a taɓa ba. Kin san halinta, da tuni ta yi kuka ta ce an raina hannunta. Matar nan mai yiwuwa tana can tana tunanin ƙyamarta kike yi. Ranar da kika sauka, ki ajiye jaka ki same ta a kicin. Ki gaya mata abin da kike ci da abin da ba kya ci, da dalilin, da gurgun Sifaniyancinki, in ya ƙare ki ƙarasa da hannu. Ki bi ta kasuwa. Ke da bakinki kika ce garin cike yake da kifi da wake da ƙwai da ganye, kuma kin sha wuce shagunan mahauta 'yan Maroko ba ki shiga ba. Ki shiga, ki yi musu sallama, Larabcinki ya fi nawa.

Ki kuma dafa mata namu. Ummanki ta ɗaura miki kuka da daddawa da yaji. Kilishin ni na cire, don a filin jirginsu za su ƙwace, ba zan so wani ma'aikaci ya sha shayi da shi ba. Amma don Allah kafin ki buɗe daddawar nan ki yi wa baiwar Allah bayani, kada ta kira masu gyaran bututu. Ƙwayar ƙarin jinin da na ba ki kuma, kada ki sha ta da shayi, yana hana ta aiki. Ki sha da ruwan lemo, na kasuwa, ba na bakin titi da kika ce ɗaci gare shi ba. Bayan wata uku ki je a sake aunawa, ki turo mini takardar sakamakon kanta. Ba na son a karanta mini.

Maganar gaisuwarsu ta sumbatar kunci da ta dame ki, ba abin ɓuya a ɗaki ba ce. Mace ce, ki gaisa da ita yadda suke yi. Namiji ne, ki dafa ƙirji ki yi murmushi ki ce haka kuke gaisawa a wurinku. Sau ɗaya za ki faɗa, mai hankali ya gane, marar hankali kuwa ko me kika yi ba zai gane ba. Salla ma haka. Ki tambayi ma'aikatan makaranta ko akwai lungun da za ki shimfiɗa darduma, maimakon ki tara su sai kin dawo gida. A aji in malami ya yi gudu, ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba. Magani za ki riƙa haɗa wa mutane wata rana, wanda kuma ya saba gyaɗa kai kan abin da bai gane ba yakan yi ɓarnar da ta fi tawa.

Na uku ya fi mini wuyar faɗa, don ke ya shafa. Da na zo garin nan cewa na yi shekara biyu zan yi in koma. Da biyun ta cika na ƙara biyu. Haka na yi ta ƙarawa, ban zauna ba ban tafi ba. Shekara tara muna kwana a katifa a ƙasa don na ce ba amfanin sayen gado, tunda tafiya za mu yi, sai da Ummanki ta yi rantsuwa ba za ta sake kwana a ƙasa ba. Wani maƙwabcinmu mutumin Yaman ya gayyace ni cin abinci ya fi a ƙirga, ina ce masa wani lokaci, har ya tashi daga unguwar. Garin da na ƙarar da ƙuruciyata a ciki, in kin cire hanyar aiki da masallaci da Batha, ban san shi ba. Gidan da nake cewa zan koma kuma sau biyu kacal na kai ki. Kin tashi kina jin Hausa kina amsawa da Larabci, ni kuma na bari don ya fi sauƙi.

Kada ki yi wa Granada haka. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Ki san sunan mai burodin layinku, ki san na maƙwabciya. Ki yi ƙawa 'yar garin wadda za ta gyara miki harshe ta yi miki dariya, ba 'yan Larabci kaɗai ba kamar yadda kika yi a zuwan farko. In an ce za a je kallon dutsen ƙanƙara da rana, ki sa rigar sanyi ki bi su. Kin san iyakokinki, ban taɓa shakkar tarbiyyarki ba, kuma ban aike ki can don ki tsare bangon ɗaki ba.

Akwai kuma kunyar nan tawa. Kin tuna ranar da kika kawo takardar tallafin karatun nan, kina rawar jiki, na karɓa na duba na ce, “To, madalla,” na ci gaba da shan shayi? Na ga yadda jikinki ya yi sanyi. Abin da ba ki sani ba, washegari na tafi da takardar wurin aiki, har mai gadi sai da na karanta masa. Na shiga banɗaki na yi hawaye. Amma ke da ya kamata ki gani, madalla kawai kika samu. Yaron da ya tashi a gaban uban da ba ya faɗin abin da ke ransa, a ina zai koyi faɗa? Ni na koya miki shiru, ki yafe mini. Ina alfahari da ke, Mamana, tun kina rarrafe.

Yanzu saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ce a ba ki takardar nan yau maimakon in cusa ta a jakarki. Ba zan nemi gaskiya a wurinki ina riƙe da tawa ba.

Watan jiya mudir ya kira ni ofis. Ya ce irin gurbina yanzu na 'yan ƙasa ne, ba za a sabunta mini kwantiragi ba. Bai wulaƙanta ni ba, har shayi ya sa aka kawo. Ƙasarsu ce, su ma 'ya'yansu na neman aiki. Na nema a wasu wurare, amsar ɗaya ce. Bayan Babbar Salla za a buga mana huruj niha'i, fitar da ba dawowa. Kin san iƙamarki, takardar izinin zama, a jikin tawa take rataye, ranar da aka rufe tawa an rufe taki da ta ƙannenki. Hutu mai zuwa ba Riyad za ki sauka ba, Kano za ki sauka, mu ɗauko ki zuwa Haɗeja. In kin fita daga gidan nan ranar Laraba, kin fita ke nan.

Ummanki ba ta so in faɗa miki ba. Ta ce, “Malam, ka bar yarinyar nan ta koma da kwanciyar hankali. Jininta ma bai dawo ba. In ta gama jarrabawa sai a san yadda za a gaya mata.” Na ce, “A bakin wa za ta ji kafin nan? A bakin wata ƙawa da za ta rubuto mata ta ce Allah Ya kiyaye hanya?” Kwana uku muna gaisawa sama-sama. Ba mugunta take nufi ba, tausayinki take ji, irin wanda na ji wa Inna. Jiya ta same ni ta ce, “To ka rubuta. Zan miƙa mata, amma ba zan tsaya in ga fuskarta ba.”

Ga gaskiyar yadda nake. Tsoro nake ji. Shekarata hamsin, zan koma garin da yaran da na bari suna wasan ƙasa su ne masu unguwa yanzu. Gidan da na gina can ɗaki uku ne, ko shafe ba a yi ba. Ina tunanin buɗe ɗan wurin gwajin jini, ban sani ba ko zai yiwu. Ƙannenki ba a gaya musu ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba. Amma ki ji wannan da kyau: tallafin karatunki bai rataya a aikina ba, ba abin da zai taɓa shi. In kika kuskura kika ce za ki bar karatu ki zo ki taya mu, a nan ne za ki ga fushina na gaske.

Kina da kwana uku. Ki haura sama wurin Amal ƙawarki ku yi sallama ta sosai, ba ta sai hutu ba. Ki je ki gaida malamarki ta haddar Alƙur'ani. Ki zauna a ɗakinki ki ware abin da ba kya so ya ɓata, don in aka bar ni da Ummanki da kwalaye ba za mu san wanne ne mai daraja a wurinki ba. A nan aka haife ki, nan kika sani, kuma takarda ta ce ba garinku ba ne. Ba ni da maganar da za ta rage zafin wannan. Abin da kawai zan iya ba ki shi ne ki fita kina sane.

Zan dawo daga aiki bayan la'asar. Ina da makulli, amma zan ƙwanƙwasa. In ba ki shirya ganina ba, ki bar Ummanki ta buɗe, zan gane, zan jira. In kuwa ke kika buɗe, kada ki ce mini ba komai, Baba. In kuka ne ki yi, in faɗa ne ki yi mini, zan tsaya in ji, ba zan kawar da kai ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Ya tsare miki addininki da mutuncinki da jikinki. Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba mu da kowa, Ya sa tsohuwar nan ta zame miki uwa. Ya buɗe miki harshe da fahimta. Ya jiƙan mai sunanki. Mu kuma da za mu kama hanya bayanki, ki sa mu a addu'a, muna bukata.

Ni ne mahaifinki,
Sa'idu